Makaɗin Ɗakin Gilashi

Duk wanda ya taɓa shiga cocin nan na kan tudu, bayan kasuwar kifi ta garin Gunsan na bakin teku, ya san Pyo Sang-gil ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren nan mai faɗin kafaɗa da ke zaune bayan ganguna, yana cije leɓe kamar wanda ake cire wa ƙaya. Litinin zuwa Asabar injin jiragen kamun kifi yake gyarawa a bakin gaɓa. Ranar Lahadi sai ya dirje baƙin mai daga hannunsa, ya sa farar riga, ya ɗauki sandunan kiɗa ya hau tudu. Ya haura shekara arba'in yana haka, kuma in ka tambaye shi wanne ne aikinsa na gaskiya, ba inji zai ce maka ba.

Ba a coci ya koyi kiɗa ba. Yana saurayi a gidajen rawa na kusa da sansanin sojojin Amurka yake kwana yake tashi, har wata rana mai gangar gidan ya bugu ya kasa miƙewa, aka ce shi ya zauna. Ya zauna, bai kuma sake tashi ba. Da an bar shi can zai ƙare, tsakanin kwalba da hayaƙin taba. Sai Allah ya haɗa shi da Suk-ja, 'yar mai sayar da busasshen kifi, wadda ba ta da tsawo amma tana da baki.

"Ni ba na auren mashayi," in ji ta. "In da gaske kake, ga tudu can, ka hau."

Ya hau, ita kuma ta aure shi. A zamanin, abin kiɗan da cocin ke da shi bai wuce wani tsohon ogan mai numfashi da ƙyar ba. Ana rera waƙoƙin littafi a tsaye ƙyam, ba tafi, ba kaɗa kai. Matasa kuwa suna da ɗan ɗakinsu a ƙasa, kusa da ma'ajiyar gawayi, inda suke taruwa da jita ɗaya ta katako suna rera waƙoƙin yabo masu sanyi, murya biyu amshi ɗaya. Sang-gil ya zauna ya saurara sau ɗaya, ya saurara sau biyu, ƙafarsa na motsi ita kaɗai. A zuwa na uku sai ga shi ya turo gangunansa a amalanke.

A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Dattijo Byeon, babba a cikin dattawan coci, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa ba.

"Wannan tarkacen na wane ne?"

"Nawa ne, Dattijo. Na yabon Ubangiji ne."

"Yabon wa? Da irin wannan masu kiran iskoki ke tara aljanu a gindin dutse. Uwata sai da ta fasa gangarta ɗaya tilo kafin a yi mata baftisma, kai kuma ka kwaso mana biyar!"

"Dattijo, ai ganga ba ta da addini."

"Yawwa, ka faɗi gaskiya. Tunda ba ta da addini sai ta tsaya a waje."

Gangunan dai ba su tsaya a waje ba, amma sun sha tafiya. Sun yi zaman ɗakin gawayi, suka koma ƙarƙashin matakala, suka dawo bayan ƙofa. Abin da ya shigar da su ciki ba hujja ba ce. Dattawa ne suka duba suka ga sama furfura ce zalla, ƙasa kuwa matasa har kan taga. Aka amince, da sharaɗin a cusa bargo a cikin babbar gangar, a kuma lulluɓe su duka da zane lokacin sujadar safe. Dattijo Byeon bai taɓa cewa ya yarda ba. Auduga yake tusawa a kunne ya zauna a sahun gaba, kuma da audugarsa ya bar duniya.

Daga nan kiɗan bai sake zama wuri ɗaya ba. Aka yi zamanin jitar lantarki, samari da gashi har kafaɗa suna kiran sunan Yesu da ƙaraji, tsofaffin mata na dafe ƙirji suna cewa yau kam rufi zai sauko. Wannan shi ne zamanin Sang-gil, kuma ba Lahadin da ba ya karya sanda. Aka wuce, aka shiga zamanin waƙoƙin lallashi, mawaƙi ya sa fararen kaya ya rufe ido yana hawaye, ganga kuwa shafa ta kawai ake yi. Bayansu sai ga yara masu burgujejen wando suna zuba zance a guje a kan kiɗa, wai su ma bishara suke yi. Sang-gil bai taɓa kama kalma ɗaya ba, amma ya ba su kiɗa. Sai kuma dogayen waƙoƙin nan masu farawa kamar raɗa, a yi ta nanata layi ɗaya har shinkafa ta nuna, ana hawa ana hawa sai majami'a ta ɗauka gaba ɗaya. Shi dai cewa yake in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, makaɗi ba ya tambayar dalili. Masu jita suka zo suka tafi, wasu soja, wasu aure, wasu babban birnin Seoul. Aka naɗa shi dikon, wato mai hidimar coci, 'yarsa Mi-ran ta girma ta yi aure, fastoci suka sauya. Kujerar ganga dai ba ta san kowa ba sai shi.

Gong Ye-chan a gabansa aka haife shi. Sang-gil ne ya fara danƙa masa sandar kiɗa a hannu, shi ya sa har ya yi gemu bai daina kiransa Malam ba. Ya tafi Seoul ya karanci kiɗa, coci ya ɗauke shi aiki ya shugabanci ƙungiyar yabo. Ya dawo da ladabinsa cif, ya kuma dawo da kwamfuta. Waƙoƙin zamaninsa irin waɗanda ake ji ne a shagunan sayar da waya, masu tsalle da walƙiya, rabin sautinsu a cikin kwamfutar yake tun kafin a zo coci. Don kada a rabu da ita, kowane makaɗi sai ya sa 'yar na'ura a kunne, tana yi masa ƙwas, ƙwas, ƙwas, shi kuma ya bi. Mutum yana jiran mutum, amma kwamfuta ba ta jiran kowa.

To, a nan gizo ke saƙar. Rurin inji na kwana shida da ƙarar fayafayan tagullar ganga ta na bakwai sun riga sun cinye wa Sang-gil kunnen hagu, na dama ma sai a hankali. Hannun kuma ya fara isowa bayan an wuce. Ba da yawa ba, ɗan kaɗan ne, amma a kiɗa ɗan kaɗan ɗin shi ne komai. Duk ranar Asabar wajen gwaji zance ɗaya ake maimaitawa.

"Malam, ko za mu ɗan sake ɗaukowa daga amshi?"

"Me ya faru kuma?"

"Ba komai, Malam. Ni ne na yi sauri."

"To ka rage saurin mana! Ku yaran yanzu kamar ana kora ku da bulala."

Da-som, yarinyar da ke kula da teburin sauti a bayan majami'a, sai ta sunkuyar da kai ta kama gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Wa zai buɗe baki ya ce wa sa'an ubansa, wanda ya koya masa riƙe sanda, ya sauka? Ba a halicci wannan bakin ba tukuna a Gunsan. Sai aka bi ta hanyar da aka saba. Aka shirya biki, aka ba shi allon yabo mai ruwan zinariya na shekarun hidima, aka yi jawabai masu ƙamshin sallama. Ya karɓa ya rusuna, ya rataye a falo, Lahadi ta gaba ya riga kowa zuwa. Aka ce ya zama shugaban kwamitin yabo, don shugaba zama yake a sahun gaba cikin kwat. Ya yi godiya, ya ce ai ba komai, zai haɗa biyun. Hannunka mai sanda dai an yi masa har hannu ya gaji. Ko bai gane ba ne, ko ya gane ya yi kunnen uwar shegu, wannan shi da Ubangijinsa.

Ana cikin haka aka tashi gyaran majami'a. Ye-chan ya kawo shawara a gina wa ganga ɗaki nata na gilashi mai kauri a kusurwar dandamali, rufe ruf, irin na manyan coci-cocin Seoul. Sauti ba ya fita sai ta makirufo, ya bi waya zuwa teburin Da-som, ita ta sake shi ga lasifika. Dattawa suka ce madalla, da ma kunnuwansu sun gaji. Aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, aka sa kujera mai taushi, matan coci suka jera tukwanen furanni a gaba har suka rufe rabin gilashin. Ranar da aka buɗe, Sang-gil ya shafa bangon yana murmushi, ya ce da Dattijo Byeon zai leƙo ya ga ganga da ɗakinta, da ya sake mutuwa.

Abin da bai sani ba shi ne, tun Lahadin farko Da-som ta ja maɓallin sautin gangarsa ƙasa ta bar shi can. Abin da jama'a ke ji ganga ce ta cikin kwamfuta. Shi kuma a kunnensa ana aika masa muryoyin mawaƙa da ƙwas-ƙwas da bugun hannunsa, komai daidai kamar da. 'Yan ƙungiya duk sun sani, ba wanda ya ce uffan. Su a ganinsu kara suka yi wa babba. Wata karar dai gara mari.

Kiɗa ya gyaru nan take. Mutane suka fara tare shi a matakala.

"Dikon, me kake ci ne kwanan nan? Hannun nan ya koma na ɗan ashirin!"

"Kai, Dikon Pyo, tsufa ya yi kuskuren gida!"

Sai ya rusuna ya ce alherin Ubangiji ne, ya sauka tudu ƙirji a gaba. Kada a ce wauta ce. Mutumin da aka shekara ana sa shi maimaita amshi, ranar da aka ce ya yi daidai ba ya tsayawa bincike. Haka aka ci hunturu, aka ci bazara, yana zufa a bayan gilashi yana kaɗa wa kansa.

A tsakiyar zafin Agusta na'urar sanyin ɗakin ta mutu. Ana tsaka da sujadar safe, majami'a cike, ɗakin ya zama tukunya. Sang-gil ya miƙa ƙafa ya tura ƙofa, ya tokare ta da silifas ɗinsa don iska ta shigo. Bugunsa na gaskiya ya fara tsiyayowa waje yana karo da na lasifika, Ye-chan ya ji, ya waiwayo da jita a wuya. A daidai nan sanda ta suɓuce daga jiƙaƙƙen hannun tsohon ta gangara ƙarƙashin kujera. Ya sunkuya zai ɗauko, wayar kunnensa ta maƙale ta fizge. Hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya a gwiwa, ƙafa ba ta kan komai.

Ganga kuwa ba ta fasa ba. Tana ta tafiya tsaf-tsaf a cikin majami'a, ba gargada, har da wani ɗan salo da bai taɓa iyawa ba.

Da farko ya ɗauka wani ne ya shigo da wata gangar. Ya ɗaga kai ya duba ta saman furanni. Can baya ya hango Da-som ta rufe baki da hannu biyu. Ya juyo, idonsa ya faɗa cikin na Ye-chan, wanda bakinsa ke rera waƙa amma fuskarsa ta yi fari fat. Ba sai an yi masa bayani ba.

Ba fushi ne ya fara zuwa masa ba, kunya ce. Ya tuna duk rusunawar da ya yi a matakala, duk godiyar da ya karɓa ta kayan da ba nasa ba, ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige. Amma ga mutane can hannuwa a sama, ido a rufe, waƙa ba ta kai ƙarshe ba. Ya ɗauki sandar, ya mayar da na'urar kunne, ya janye silifas ƙofa ta rufe. Ya ci gaba da kiɗa har Fasto ya hau mumbari.

Ranar bai tsaya cin taliyar da ake rabawa bayan sujada ba. Suk-ja ta iske shi a gida zaune a ƙasa, da farar rigarsa a jiƙe, yana kallon bango. Ta ajiye jaka, ta kunna fanka ta juya masa ita.

"Baban Mi-ran, sai ka ce wanda jirginsa ya nutse."

"Gangar da kuke ji a coci ba tawa ba ce."

"Na sani."

Ya juyo a hankali. "Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sa ka a kwalbar nan. Na saurara daga farko har ƙarshe ban ji kuskure ko ɗaya ba, na ce a raina wannan ba mijina ba ne."

"Shi ne kika yi shiru? Ke da ba ki taɓa yin shiru a kan komai ba?"

"To me zan ce? Kana dawowa gida kana fito, kana cin shinkafa har da ƙari. Rabon da in gan ka haka tun Mi-ran na goye. Na ce a bar kaza cikin gashinta."

"Kun mai da ni ɗan tsana. Duk garin nan na yi mini dariya."

"Garin bai sani ba. Su kunnensu na jin daɗi ne kawai, ba na sanin hannu ba. Tashi ka cire rigar nan tana wari."

Wannan ta fi yi masa ciwo a kan duk abin da ya faru a coci, don ya san ba ƙarya ta yi ba.

La'asar sakaliya sai ga Ye-chan da kwalin 'ya'yan itace a hannu, irin wanda ake kai wa surukai. Ya cire takalmi, ya ajiye kwalin, ya zube a kan gwiwoyinsa har goshinsa ya taɓa daɓe.

"Malam, na yi laifi. Gobe zan je wurin Fasto in faɗi komai, in ajiye aikin."

"Fasto bai sani ba?"

"Bai sani ba. Ni ne na tsara, Da-som umarni kawai ta bi."

"Ɗago kanka, ba gawa kake gaisarwa ba. Me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

Ye-chan ya ɗago, ido ya yi ja. "Malam, da na faɗa, da me za ka yi?"

Sang-gil ya nemi ƙarya mai kyau bai samu ba. "Da na kwaɗa maka mari."

"Ka ji ko!" in ji Suk-ja daga kicin.

Tsohon ya zauna yana juya abin. In maganar ta kai gaban dattawa cewa yaro ya ajiye dikon a bayan gilashi yana wasa da shi, sun gama da yaron ke nan, ba cocin da zai sake ɗaukarsa daga nan har Seoul. Shi kuma za a dinga binsa da kallon tausayi, wanda ya fi dariya ɗaci. In kuma ya sauka haka kwatsam a tsakiyar shekara, sai an tambayi dalili, kuma mai tono ba ya rasa abin da zai tono. A ƙarshen shekara ake sauya masu hidima, kowa ya ajiye wani ya ɗauka, ba mai cewa don me.

"Ba inda za ka je," in ji shi. "Zan zauna a ɗakin nan har ƙarshen Disamba, in sauka kamar kowa. Kai kuma ka rufe bakinka, ai ka iya."

"To, Malam, bari mu buɗe maka sautin daga wannan Lahadin."

"Ka ɓata wa mutane sujada don ka wanke kunyarka? Bar shi yadda yake. Abu ɗaya nake so, ka cire mini ƙwas-ƙwas ɗin nan daga kunne. Tunda ba mai ji na, ban ga dalilin da zan yi ta bin agogo kamar ɗan makaranta ba."

Haka aka yi. Duk Lahadi ya hau tudu, ya shiga, ya ja ƙofa. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum ya kaɗa ganga da ƙarfinsa yana sane ba ta wuce gilashi. Wani da ya rage ƙarfi ya dinga motsa hannu kawai, amma shi bai iya ba, in ya zauna sai ya jiƙa riga. Masu yabo a matakala ba su daina ba. Yanzu sai ya ce musu su gode wa yaran, ya wuce da sauri. A gida ya rage magana, ya rage ci. Suk-ja ta gani, ta ƙara masa kifi a kwano.

Lahadin ƙarshe ta shekara ta zo da dusar ƙanƙara. Fasto ya karanta sunayen masu sauka, da aka zo kan Dikon Pyo majami'a ta miƙe tsaye tana tafi, aka miƙa masa furanni. Ya rusuna ya karɓa da fuskar da ba a karanta komai a kanta. Ya koma ɗakinsa don waƙar rufewa, ɗaya daga cikin dogayen nan masu farawa a hankali. Ya rufe ido ya bi muryoyin da ke kunnensa. Ya lura yau mawaƙan ba sa tsere masa, in ya ja sai su ja, in ya hau sai su hau, ya ce a ransa dace ne. Ya buga iyakar abin da ya rage a kafaɗarsa, ya kai ƙarshe, ya ajiye sanduna a kan fata. Ya ɗan zauna kafin ya buɗe ƙofa.

A ƙasa an kafa layin taliya. Mai riƙe da ludayi Iya Nam ce, shugabar matan kicin, wadda tsufa ya ba ta lasin faɗin duk abin da ya zo mata. Ta zuba masa romo, ta ɗago ta dube shi.

"Dikon, yau kuma me ya same ka? Waƙar ƙarshen nan ganga sai jan ƙafa take kamar mai ciwon gwiwa. Shekara guda kana yi mana tsaf-tsaf, sai ranar sallama za ka ɓata rawarka da tsalle? Ko furannin ne suka ruɗa ka?"

Ya tsaya da kwano a hannu. Kwamfuta ba ta jan ƙafa. Ya waiwaya ya hango Ye-chan can ƙarshen tebur, ya duƙufa yana raba kimchi, kabejin nan mai yaji, kamar ba abin da ya fi shi muhimmanci a duniya, kunnuwansa jawur. Da-som ta juya baya tana jera kofuna. Ashe sun kashe kwamfutar, sun buɗe masa, ba su gaya masa ba. Duk mutanen nan shi suka ji. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya kama shi, daɗin ya fi yawa har ya rasa inda zai sa kansa.

"Baban Mi-ran, matsa mana, ka tare layi," in ji Suk-ja daga bayansa. Idonta ya kumbura, hancinta ya yi ja.

Ya bi ta zuwa tebur. "Kin ji?"

"Na ji, tun bugun farko. Ka makara a amshi na biyu, a na uku kuma ka shigo kafin kowa."

"Ya yi muni sosai?"

"Ya yi muni," in ji ta, tana share ido da bayan hannu. "Ci taliyarka kafin ta huce."

Ya zauna ya ɗauki tsinkayen cin abinci, ya fara ci.